Dorugu a Gidan Schön: Baƙuncin Shekara 8 a Ingila

Duk sa'ad da aka tashi zancen farkon rubutun zube na Hausa cikin boko, mukan fara ne daga gasar 1933, mu kawo Abubakar Imam da Bello Kagara da sauran 'yan'uwansu. Ba laifi. Sai dai fiye da shekara 70 kafin gasar nan, wani yaro Bahaushe ya zauna a ɗakin wani malamin coci a garin Chatham na ƙasar Ingila, yana ba da labarin rayuwarsa da Hausa, ana rubutawa. Sunansa Dorugu.

An haife shi wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance cikin ƙasar Damagaram, a Jamhuriyar Nijar ta yau. Yana ƙarami mahara suka kama shi, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya faɗa Kukawa. A can ne Bature Adolf Overweg ya fanshe shi, shi da wani yaro ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega, ya 'yanta su. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi cikin 1852, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasarmu suka sani da Abdulkarim.

Kafin Dorugu ya zama baƙo a Turai, ya ga yadda ake riƙon baƙo a Timbuktu. Barth ya shiga garin a watan Satumba na 1853, ya sauka a hannun Shehu Ahmad al-Bakkay, babban malamin Ƙadiriyya daga zuriyar Kunta. Ba a jima ba aka gane Kirista ne, masu mulkin Masina suka aiko a miƙa musu shi. Shehu ya ƙi. Ya fitar da shi zuwa zangonsa na bayan gari, cikin iyalinsa da almajiransa, suna ta muhawara kan addini da littattafai, har wata 8 ko kusa da haka. Da tafiya ta tashi a 1854, Shehu da kansa ya raka shi har Gao. Duk wannan a idon Dorugu aka yi, yana ɗan shekara 13 ko 14.

A 1855 suka keta Sahara zuwa Tarabulus, suka hau jirgin ruwa zuwa Malta da Marseille, suka ratsa Faransa, suka isa Landan a watan Satumba. Barth ya kai su Hamburg, garinsu, suka gaisa da danginsa. Niyyarsa ita ce ya mayar da su gida kamar yadda ya yi alkawari. To, a nan ne James Frederick Schön ya shigo cikin labarin.

Schön Bajamushe ne ɗan mishan, yana cikin ayarin da Ingila ta tura Kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Amma ƙafarsa ba ta taɓa taka Kano ko Katsina ba. Hausarsa a bakin 'yantattun bayi da tafintoci ya tsince ta. Ga shi zaune a Chatham yana aikin limamin asibitin sojojin ruwa, sai ya ji an kawo Bahaushe har Landan. Kowa ya san abin da mai ƙishirwa zai yi in ya hango rijiya. Ya nemi yaran, ya shawo kansu suka fasa komawa, ya kai su gidansa. Barth bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan, yana ganin an yi masa ƙwace, har aka yi ta musayar wasiƙu masu zafi.

Abbega bai daɗe ba, ya dawo a 1857, daga baya ma ya yi sarautar Lokoja. Dorugu kuwa ya zauna cikin iyalin Schön har 1864. A gidan nan ya koyi karatu da rubutu da Turanci, a nan aka yi masa baftisma aka sa masa suna James Henry. Shi kuma ya riƙa zuba wa mai gida Hausa: tatsuniyoyi, karin magana, sunayen abubuwa, da labarin kansa tun daga Dambanas. Daga wannan zama ne littafin nahawun Hausa na Schön ya fito a 1862, ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885, inda labarin Dorugu yake.

Shin abota za mu kira wannan, ko ciniki? Mu dai muna ganin duka biyun suna ciki, kuma ba daidai aka raba riba ba. Ba a riƙe mutum shekara 8 a gida, a ci tare, a koya masa alƙalami, ba tare da shaƙuwa ta shiga tsakani ba. Amma Schön yana da bukata, bukatarsa kuwa ita ce fassara littattafan addininsa zuwa Hausa, kuma yaron da ba shi da uwa ba shi da uba a ƙasar, ba shi da kuɗin jirgi, bai cika samun bakin cewa a'a ba. Shehu al-Bakkay ya sa kansa cikin haɗari don baƙonsa. Schön kuwa da baƙonsa ya samu lambar yabo ta Volney a Faransa a 1877, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Sunan da ke bangon littattafan nasa ne shi kaɗai.

Abin da ya fi jan hankalinmu a matsayin masu sha'awar rubutu shi ne idon yaron. Turawa sun saba zuwa su kalle mu su rubuta. A nan Bahaushe ne ya je yana kallonsu. Akwai wurin da ya bayyana liyafar cin abincin dare ta Ingilishi, yadda ake shiga, yadda ake zama, yadda ake kawo kwano bayan kwano, ya faɗe shi dalla-dalla kamar mai ba abokansa labari a dandali, ba ya rawar jiki, ba ya kuma raina su. Da masauki ya kama a gari da bai ga wannan ba. Sai wanda aka shigar cikin gida yake sanin yadda mutane ke cin tuwonsu. Jimlolinsa gajeru ne, Hausarsa ta Damagaram ce, kuma duk da kunnen Bajamushe ne ya ɗauke ta ya rubuta da ƙa'idar da ba tamu ta yau ba, muryar mai maganar ba ta ɓace ba. Mun sha karanta wa ɗalibai 'yan aji 5 wani yanki nasa, sai ka ga aji ya yi tsit.

Bayan dawowarsa ya yi aikin tafinta wa Turawa iri-iri. A ƙarshen rayuwarsa yana cikin malaman makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, yana koya wa 'ya'yan sarakuna da malamai rubutun boko da ya koya a teburin Schön. A Kano ya rasu a 1912. A 1971 ne Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa cikin Turanci, tare da na Maimaina, jikan Abbega, a littafin da suka kira West African Travels and Adventures.