Tafiyar Da Ba Ta Da Zango: Tarihin Yawon Shaƙatawa A Jirgin Ruwa

Gabatarwa

A hutun da ya wuce, yayana da ke karatu a Amurka ya aiko wa gida da hotuna. Shi da matarsa ne suka shiga jirgin ruwa a birnin Mayami ran Juma'a da la'asar, suka wuni Asabar a Nasau, babban birnin tsibiran Bahama, ran Litinin da hantsi jirgin ya maido su inda ya ɗauke su. A cikin hotunan ga su a bakin kududdufin wanka, ga su a zauren cin abinci, ga su kuma a gidan wasan kwaikwayo, duk a cikin jirgin. Da na nuna wa kakanmu, wanda ya yi shekaru yana safarar goro daga Shagamu zuwa Kano, sai ya ce, "Me suka kai can?" Na ce, "Ba su kai komai ba, Alhaji." Ya ce, "To, me suka sayo?" Na ce babu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ashe dai ɓatan hanya suka yi, aka maido su gida."

Mutanen gida suka yi ta dariya, amma ni maganar ta tsaya mini a rai. A wurin Bahaushe tafiya tana da dalili: fatauci, ci-rani, neman ilmi, aikin Hajji, zumunci ko gudun hijira. Wanda ya fita ba ɗaya daga cikin waɗannan, yawon duniya aka ce ya tafi, kuma kowa ya san wannan ba yabo ba ne. To, yaya aka yi har mutum ya yarda ya biya kuɗi a kewaya da shi cikin teku kwana uku a dire shi inda ya taso? Amsar wannan tambaya nake son in bi a wannan ɗan rubutu.

Zamanin Da Teku Ke Da Wuya

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, ba mai shiga jirgin ruwa sai dole. A 1840 kamfanin Cunard ya fara kai wasiƙu da fasinja tsakanin Libaful da Amurka a jirginsa Britannia, kuma babban abin alfaharinsa shi ne saniyar da aka ɗaure a cikinsa don a riƙa tatso wa fasinja madara. Ɗakunan kwana ƙanana ne, ga jiri da amai, ga sanyi. Burin kowa bai wuce a sauka lafiya ba.

Duk da haka, tun a 1844 kamfanin P&O na Ingila ya soma sayar da tikiti ga masu son kallon garuruwan Bahar Rum, suna bin jiragensa na wasiƙu. A 1867 kuma jirgin Quaker City ya kwashi masu hali daga Niyok ya kai su Turai da Ƙudus, ya maido su bayan wajen wata biyar. Marubuci Mark Twain yana cikinsu, daga wannan tafiya ya rubuta littafinsa The Innocents Abroad. Sai dai waɗannan duka jefi-jefi ne, ba su zama sana'a ba tukuna.

Dabarar Albert Ballin

Wanda ya mai da abin sana'a wani Bajamushe ne, Albert Ballin, na kamfanin HAPAG a Hambug. Cinikin kamfanin shi ne jigilar masu ƙaura daga Turai zuwa Amurka. Da hunturu kuwa Tekun Atlantika ta arewa takan yi fushi, fasinja su yi ƙaranci, manyan jirage su zauna a tasha suna cin kuɗi. Sai Ballin ya ce a tura ɗaya kudu inda ake rana. Ran 22 ga Janairu, 1891, jirgin Augusta Victoria ya tashi da fasinja 241, ya yi wajen wata biyu yana zagaya Bahar Rum, kuma aka ci riba.

Ganin haka ya sa aka ƙera Prinzessin Victoria Luise a 1900, jirgi na farko da aka yi musamman don yawon shaƙatawa. Ɗakunansa 120 duk na faskila ne, da ɗakin karatu, da wurin motsa jiki, har da ɗakin wanke hotuna. Bai yi tsawon rai ba, don a 1906 ya hau duwatsu a gaɓar Jamaika. Abin lura a nan shi ne buƙatar mai jirgi ce ta haifi wannan yawo, watau yadda zai cika ɗakunan da babu kowa. Buƙatar fasinja daga baya aka koya masa ita.

Kayan Jin Daɗi Da Matakan Mutane

Daga nan kamfanoni suka shiga gasar kayan alatu. Jirgin Adriatic na 1907 ya zo da kududdufin wanka da wurin wankan surace, Titanic na 1912 kuma yana da waɗannan har da filin wasa. Amma wa ke morar waɗannan? 'Yan faskila kaɗai. Fasinjan aji na uku a Titanic sun kai wajen 700, kuma bahon wanka biyu rak aka tanadar musu. Daren da jirgin ya nutse mutane kamar 1,500 suka halaka. A cikin 'yan faskila kimanin kashi 60 cikin 100 suka tsira, a cikin 'yan aji na uku kuwa wajen ɗaya cikin huɗu. Ashe benen da mutum yake kwana a kai yana iya zama rabon rai da mutuwa.

Mu Da Teku

Kada mai karatu ya zaci Hausawa ba su da hannu a wannan tarihi don ƙasarsu ba ta da teku. A 1855 Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth, ya ƙetare Bahar Rum ya isa Ingila, kuma labarinsa da J. F. Schön ya rubuta yana cikin Magana Hausa, wanda duk ɗalibin Hausa ya san matsayinsa. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi Ingila da Makka ta ruwa. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka ziyarci Ingila. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, Abubakar Imam ya je tare da wasu editocin Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Kowannensu akwai abin da ya kai shi, akwai kuma abin da ya dawo da shi, ko da labari ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Elder Dempster ne ke riƙe da hanyar Libaful zuwa Ikko, da jirage uku: Accra na 1947, Apapa na 1948, da Aureol na 1951. Aureol shi ne babbansu. An ƙera shi a Gilasgo, girmansa ya ɗan haura tan 14,000, fari ne tas mai rawayan bututun hayaƙi, sunansa kuwa na wani dutse ne da ke bayan Firitawun a Saliyo. Tafiyar takan ci kusan mako biyu, ana yada zango a Las Palmas da Firitawun da gaɓar Gana kafin a iso Apapa. Yana da kududdufin wanka da zaurukan hutawa, kuma ma'aikatan mulkin mallaka da matansu da ɗalibai da 'yan siyasa duk sun shige shi. Ga mata da miji da yawa, wannan mako biyu shi ne hutun da suka taɓa samu ba aiki ba baƙi.

A ƙasan bene labarin daban ne. A 1959 ma'aikatan jirgin Apapa 'yan Nijeriya suka ajiye aiki a Libaful, suna kukan wariyar launin fata da ake nuna musu. Masu dafa abinci da wanki da goge bene ba su da rabo a cikin alatun da suke wa hidima.

Jirgin Sama Ya Ƙwace Kasuwa

A watan Oktoba 1958 jiragen sama masu injin jet suka fara ƙetare Atlantika da fasinja, tafiyar kwana biyar ta koma ta sa'o'i. A daidai wannan lokaci masu ƙetarewa ta sama suka fi masu bi ta ruwa yawa. Ɗaya bayan ɗaya manyan jirage suka rasa aiki. An sayar da Accra da Apapa kafin 1970. Aureol ya jure har 1974, sa'an nan wani attajirin Girka ya saye shi, ya sāke masa suna Marianna VI, aka ɗaure shi a Jidda ya zama masaukin ma'aikata. A 2001 aka farfasa shi a Alang ta ƙasar Indiya.

To, a nan ne tarihi ya maimaita dabarar Ballin. A 1966 wani attajirin Norwe, Knut Kloster, yana da sabon jirgi mai suna Sunward wanda aka yi don hanyar Ingila zuwa Jibiralta, amma rikicin kan iyaka da Sifen da dokar taƙaita fitar da kuɗi daga Ingila suka kashe cinikin. Sai ya haɗa kai da Ted Arison, suka kai jirgin Mayami, a watan Disamba suka fara yawon kwana uku da na kwana huɗu zuwa Nasau. Wannan shi ne asalin irin tafiyar da yayana ya yi. Amfanin gajarta shi ne leburan ofis da matarsa za su iya biya, kuma ba sai sun nemi dogon hutu ba.

Da suka ɓata, Arison ya kafa kamfanin Carnival a 1972 da wani tsohon jirgin Libaful zuwa Kanada, ya raɗa masa suna Mardi Gras. A fitarsa ta farko ma ya kafe a yashi a bakin Mayami. Tun da jirgin tsoho ne kuma ba kuɗin zuwa nesa, sai aka mai da hankali ga kiɗa da rawa da ci da sha a cikinsa, aka ce wa mutane jirgin kansa shi ne wurin zuwa. Daga 1977 wasan talabijin na The Love Boat ya cusa wa Amurkawa cewa jirgin ruwa wurin masoya ne da sababbin aure. A wannan shekarar kuma kamfanin Kloster ya sayi wani ɗan tsibiri a Bahama, don fasinja su sauka a ƙasar da ita ma ta kamfani ce.

Halin Da Ake Ciki

A watan Janairu 2024 jirgin Icon of the Seas ya fara aiki. Tsawonsa mita 365 ne, yana da bene 20 da kududdufai 7, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata fiye da 2,300, girmansa ya ninka na Titanic sau biyar. A watan Yuli na shekarar, Utopia of the Seas, wanda bai kai shi ba sai kaɗan, ya fara aiki, kuma tun daga farko yawon kwana uku da huɗu aka sa shi. Watau gajeren yawon da aka fara don rufin asirin jirgin da ya rasa hanya, shi ake ƙera wa ƙattin jirage yanzu.

Ina ribar take? Yayana ya ce kuɗin tikiti bai tsorata shi ba, don ɗaki da abinci da kallon wasanni duk suna ciki. Ranar sauka ne aka miƙo masa takarda: lemon kwalba, intanet, hoton da aka ɗauke su a bakin ƙofa, tausar da matarsa ta yi, da ladan ma'aikata da ake lissafawa kowace rana, har suka kusa kamo kuɗin tikitin. Akwai kuma gidan caca, wanda ba a buɗewa sai jirgi ya fita ruwan da dokar ƙasa ba ta kai ba. Kyauta ta Bature, in ji masu iya magana, da walakin goro a miya.

Har ila yau, yawancin jiragen nan, ko da yake daga Amurka suke tashi, an yi musu rajista ne a Bahama ko Fanama ko makamantansu, don sauƙin haraji da dokar ƙwadago. Ma'aikatansu galibi daga Filifin da Indonesiya da Indiya suke, suna aiki kwana bakwai a mako har wata shida ko tara, ɗakunansu a ƙasa ba taga. An daina rubuta faskila da aji na uku a tikiti, amma benen ƙasa yana nan da mutanensa. Teku ma ba ta daina halinta ba: a 2012 Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya mutum 32 suka mutu, a 2020 kuma cutar korona ta kama mutane fiye da 700 a Diamond Princess a tashar Yokohama.

Kammalawa

Ban rubuta wannan don in ce yayana da matarsa sun yi laifi ba. Wanda ya yi shekara yana aiki, in ya sami kwana uku ya zauna da iyalinsa ya kalli teku, ya sami abin da yake nema, kuma mu ma da mun koyi ba matanmu irin wannan lokaci da gidaje da yawa sun zauna lafiya. Abin da tarihi ya nuna mini shi ne, sau biyu, a 1891 da 1966, masu jirage suka rasa fasinja, kuma sau biyun suka sayar wa mutane tafiyar kanta maimakon wurin zuwa. Ya kamata mu ɗalibai mu riƙa tambayar asalin duk wata sabuwar al'ada da ta zo mana, da wanda ke cin ribarta, da wanda ke ɗauke da nauyinta, kafin mu rungume ta ko mu ƙi ta.

Da na koma na ba kakanmu wannan labari, ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai wanda ya gane a ciki shi ne Ballin, don shi ma in goro ya yi kwantai a Kano, Katsina yake kai shi. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.