Fadama, Dutsi, Bakin Hanya ko Fako: Ina Tamaske Za Ta Kafa Sabbin Unguwanninta?

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa mutanen Nijar sun haura miliyan 17, kuma suna ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari kowace shekara. Da wannan gudu, jama'a kan ninka cikin kimanin shekara 18. Ƙaramar hukumar Tamaske, a gundumar Keita ta jahar Tawa, ta riga ta wuce mutum dubu ɗari a waccan ƙidaya, saboda haka idan ta bi sahun sauran ƙasa, zuwa wajen 2030 za a yi maganar dubu ɗari biyu. Ga kuma ƴan bida. Ba'adare, watau mutumin Adar, yankin da Tamaske take ciki, in ya dawo daga Abijan, Legas ko Libiya da ɗan abin hannunsa, abin da yake fara nema shi ne fili, ya kewaye, ya ɗora ɗaki, ya sa iyali. Gari zai faɗaɗa ko an tsara ko ba a tsara ba. Abin da ya rage a hannun hukuma shi ne ta zaɓi gefen da zai nufa.

Ga ɗan lissafi don a ga girman al'amarin. Fili dubu ɗaya, kowanne mai murabba'in mita 400, zai ci hekta 40. In aka haɗa da tituna, makaranta, masallaci, asibiti da magudanan ruwa, abin zai kai hekta 60 zuwa 70. A ƙasar Adar, inda kwari yake matse tsakanin duwatsu, wannan gonakin gidaje da yawa ne. Wannan maƙala tana gwada wurare huɗu da ƙasar ta bayar, watau fadama, kan dutsi, bakin hanya da fakon gindin dutsi, bisa ma'auni uku: ina ruwan sama yake bi, ina ruwan sha zai fito, kuma abincin wa za a binne ƙarƙashin ginin. Hujjarta ita ce, akan zaɓi fili ne bisa sauƙin yanka shi yau, alhali kuɗin gaske sai bayan shekara goma ko ashirin ake biyansa.

Fadama ce ta fi jan ido. Shimfiɗaɗɗiya ce, tana kusa da gari, rijiya ba ta da zurfi, laka kuma tana nan a wurin don yin tubali. Mai awon fili zai gama aikinsa cikin ƴan kwanaki. Amma fadama ce rumbun Adar. A cikinta ake noman albasa da tumatir da rani, kuma albasar jahar Tawa, wadda irin Galmi ya yi wa suna, tana cika manyan motoci zuwa Gana, Kodibuwa da sauran ƙasashen gaɓar teku. Garkar da aka mayar gida ta fita daga noma har abada. Mai ita ya karɓi kuɗi sau ɗaya, ya rasa abin da yake ba shi kuɗi kowace kaka, kuma tare da shi masu dashe, masu ban-ruwa, masu amalanke da dillalai duk sun rasa aiki.

Ko da an ajiye maganar abinci, ruwa ya isa hujja. Ruwan da ke sauka a Adar bai cika wuce milimita 300 zuwa 450 a shekara ba, amma yana zuwa ne da ƙarfi cikin ƴan sa'o'i, ya faɗi kan dutsen da ba ya shan ruwa, ya taru a ƙoramu, ya gangaro kwari da yashi da tsakuwa. Daminar 2024 ta nuna abin da hakan ke nufi: ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma galibin gidajen da suka rushe na laka ne. Ginin laka yana jure ruwan da ya zubo daga sama in an yi masa yaɓe, amma ruwan da ya kwanta a gindinsa kwana biyu yakan kayar da shi. Duk wanda ya ba talaka fili a hanyar ruwa ya san irin ginin da talakan zai iya yi a kai.

Kan dutsi kuwa akasin haka ne. Fili ne mai faɗi, ambaliya ba ta kai masa, kuma a ido kamar ba shi da mai shi. Wannan ne ya sa masu zane a ofis suke son sa. Matsalarsa ta farko ruwan sha. A tuddan Adar-Dutsi ruwan ƙasa mai ɗorewa yana can ƙasa da ɗaruruwan mitoci, kuma rijiyar burtsatse irin wannan, da injinta da tankinta, ta fi ƙarfin kasafin ƙaramar hukuma. In ba a yi ta ba, mata da yara ne za su riƙa hawa da sauka da jarkoki a kan jakuna. Ta biyu ita ce marmara: haƙa salga ko ramin tubali a cikinta aiki ne mai tsada. Ta uku, filin yana da masu shi. Nan ne dabbobi suke kiwo da damina lokacin da gonaki suka rufe kwari, nan burtali yake bi, kuma dokar kiwo ta 2010 ta sa irin waɗannan wurare cikin dukiyar al'umma da ba a mallaka wa mutum ɗaya. In aka toshe burtali da gidaje, garke zai nemi hanya ta cikin gona, kuma kowa a Adar ya san abin da ke biyo baya.

Yamai ta riga ta gwada kai mutane tudu ba tare da kayan zama ba. Bayan ambaliyar 2012 an kwashe waɗanda abin ya shafa zuwa Seno, nesa da bakin kogi. Da yawa daga cikinsu sun koma inda suka fito, saboda sana'arsu tana can, kuma sabon wurin bai wadatu da abubuwan more rayuwa ba. Tsira daga ambaliya kaɗai ba ta zaunar da mutum a wuri.

Wuri na uku shi ne wanda gari yake zaɓa da kansa idan an ƙyale shi, watau bakin hanya. Hanyar da ta taso daga Tawa ta ratsa Tamaske zuwa Keita, ta zarce Buza da Madawa, ita ce jijiyar kasuwancin yankin, kuma kowa yana son ƙofarsa ta kalle ta. Ɗan kasuwa yana da gaskiya: shago, gareji da wurin lodin albasa dole su kasance inda mota take tsayawa. Amma gidajen zama in suka miƙe a layi ɗaya na tsawon kilomitoci, kowane bututun ruwa da kowace wayar lantarki ta NIGELEC sai ta yi doguwar tafiya don ta kai wa gidaje kaɗan. Makaranta tana yin nisa, yara suna tsallaka hanya safe da yamma. Ƙari a kan haka, hanya takan ratsa ƙoramu, kuma gidan da aka gina kusa da kwalbati yana karɓar ruwan da aka matse ya fito da ƙarfi. Madawa, wadda take kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram a bakin kwarin Tarka, tana fuskantar jan hanya da jan fadama a lokaci guda, don haka wannan batu ya fi matsa mata.

Saura fako, ƙasar nan mai tauri da ke gangarowa a hankali daga gindin dutsi zuwa kwari. Ta fi fadama tudu, ta fi kan dutsi kusa da ruwa da kasuwa, tana da ƙarfin ɗaukar gini, kuma gangarenta yana taimaka wa magudana. Ana iya haƙa rijiya a kwari, a tura ruwa zuwa tanki a ɗan tudu, ya sauko wa unguwa da kansa. A ma'aunan nan uku, ita ce ta fi rinjaye.

Sai dai akwai ƙalubale mai ƙarfi da ya kamata a saurara. Fakon Adar na yau ya bambanta da na shekara arba'in da suka wuce. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, tare da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da shirin abinci na duniya, ya farfaɗo da sama da hekta dubu talatin, ya dasa miliyoyin itatuwa, ya yi shingayen dutse da madatsu. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, domin maza sun tafi bida. A yankin Illela, tun daga ƙarshen shekarun 1980, dabarar haƙa ramukan tassa da rabin wata ta mayar da fako gona, har aka fara saye da sayar da ƙasar da a da ba mai kallonta. A kwarin Magiya ta wajen Buza kuma, layukan bedi da aka fara dasawa a 1975 da tallafin ƙungiyar CARE suna kare gonaki daga iska. Wanda ya ce a gina a fako ba tare da bambancewa ba, zai iya rushe gumin tsara guda.

Amsar ita ce a bambanta. Akwai fakon da aka farfaɗo yana ba da hatsi, akwai wanda har yanzu tsirara yake. Na biyun ne wurin gini, kuma shi ma da sharaɗi. Dole a fara gyara dutsen da ke samansa da shingaye da itatuwa, domin ruwan da ba a rage masa gudu a can ba zai zo ya yanka unguwa gida biyu. Dole a bar wa kowace ƙorama faɗinta da rata a gefe da gefe, a sa alama da turakun siminti kafin a sayar da fili ko ɗaya. Ayyukan Keita, in an kula da su, su ne katangar da za ta kare sabbin gidajen. In aka bar su suka lalace, fakon ma ya koma hanyar ruwa.

Haka kuma ba lalle ne a tara dukan ƙaruwar a wuri ɗaya ba. Tamaske ƙaramar hukuma ce mai manyan ƙauyuka. Unguwanni uku ko huɗu matsakaita, kowace manne da garin da yake da makaranta da ruwa, sun fi ƙatuwar unguwa guda da za a fara komai daga tushe. Kuma a cikin tsohon gari akwai kangwaye da filayen da aka kewaye aka tafi, waɗanda cike su ba ya cin gonar kowa.

Doka ta tanadi kayan aikin. Dokar ƙasar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gado daidai da ta takarda, ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda yau ake da su a matakin gunduma, ƙaramar hukuma da ƙauye. A cikinsu sarakuna, ma'aikatan noma, kiwo da gandun daji, da wakilan manoma, makiyaya da mata suke zama tare. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta wajabta biyan diyya ta adalci tun kafin a karɓa. Inda gizo yake saƙa shi ne aljihun hukuma. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004, sayar da filaye ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin samun kuɗi mafi sauri ga ofisoshin magajin gari a Nijar, kuma mai neman kuɗi da gaggawa yakan yanka inda ya fi saurin sayuwa, watau fadama da bakin hanya. Tun Afrilun 2024, da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, babu zaɓaɓɓun kansiloli da za su ja birki, saboda haka nauyin ya ƙaru a kan kwamitocin filaye da sarakuna.

Akwai ilimin da ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Dattawan kowace unguwa sun san inda ruwa ya kai a manyan daminu, manoma sun san gonar da ke ba da dame da wadda ba ta ba da komai, makiyaya sun san burtalinsu taku-taku. In aka zaga da su ƙafa da ƙafa, aka ɗora abin da suka nuna a kan hoton tauraron ɗan Adam, za a sami taswirar da za a iya kafewa a ƙofar ofishin magajin gari, kowa ya gani ya yi gyara kafin mai awo ya kafa turke na farko.

Hukuncin wannan gwaji shi ne: fadama a haramta mata gini gaba ɗaya, kan dutsi a bar wa kiwo, sai ɗan gefen da ke manne da gari bayan ruwa ya isa, bakin hanya a keɓe shi ga kasuwanci a wurare ƙididdigaggu, gidajen zama su tafi fakon da ba a farfaɗo ba, bayan an gyara samansa an shata ƙoramunsa. Kira ga hukumomin Tamaske, Keita, Buza da Madawa shi ne kada su sa hannu a kan wani sabon rabon filaye sai an yi wannan taswira, an karanta ta a bainar jama'a da Hausa da Tamashek, an kuma biya masu gonaki haƙƙinsu.