Thich Nhat Hanh: Malamin da Ya Koyar da Natsuwa a Tsakiyar Yaƙi

Ya kai mai karatu, ko kana kwance a gadon jinya ko kana zaune gefen wanda kake jinya, tarihin wannan bawan Allah zai amfane ka. An haifi Thich Nhat Hanh a 1926 a tsakiyar ƙasar Biyetnam. Yana ɗan shekara 16 ya shiga gidan zuhudu na Tu Hieu a birnin Hue, inda ya zama malamin addinin Buda.

Da yaƙi ya mamaye ƙasarsa, ya ƙi ya killace kansa a ɗakin ibada. Ya tara matasa suna sake gina ƙauyukan da bama-bamai suka rusa, suna buɗe makarantu da wuraren shan magani. A 1966 ya tafi Amurka yana kiran a tsagaita wuta, kuma a 1967 Martin Luther King ya ba da sunansa don kyautar Nobel ta zaman lafiya. Wannan kira ya jawo masa gudun hijira na shekara 39. A 1982 ya kafa cibiyar Plum Village a kudu maso yammacin Faransa.

Jigon koyarwarsa shi ne halartar da zuciya: ka san kana shaƙar numfashi sa'ad da kake shaƙa, ka san kana tafiya sa'ad da kake tafiya, ko da wanke kwanuka kake yi ka bar hankalinka a kan kwanon. Ga ma'aikatan agaji da ke ganin gawa kullum ya fara rubuta wannan darasi, domin ya lura cewa tsoron gobe yakan cinye ƙarfin da mutum yake buƙata yau. Wannan hanya ta kai har asibiti. A 1979 Jon Kabat-Zinn, wanda ya yi karatu a wurinsa, ya buɗe shirin mako 8 a Jami'ar Massachusetts don masu fama da ciwo mai daɗewa.

A Nuwamba 2014 jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya rasa magana, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya karɓi kulawar likitoci da motsa gaɓoɓi. A 2018 ya koma Tu Hieu, ya rasu a can ranar 22 ga Janairu 2022 yana da shekara 95.

Ka lura da wannan: malamin natsuwa da kansa ya nemi asibiti. Numfashi a hankali yana iya sassauta damuwa da rashin barci, amma ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko na ciwon suga. Ba sai ka karɓi aƙidarsa ba kafin ka zauna minti biyar kana bin numfashinka, sa'an nan ka sha maganinka a kan lokaci kamar yadda likita ya rubuta.