Wa Ya Ƙirga Abin Da Ke Cikin Rumbu? Tarihin Auna Arzikin Garuruwanmu

Da sakataren kwamitin mujalla ya dame ni da in kawo rubutu bana, na ce masa ni ba marubuci ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai cike fom. Sai ya ce to, in yi rubutun a kan fom ɗin. Shi da wasa ya faɗa, amma maganar ta zauna mini, domin kuwa akwai wani fom da na sa wa hannu bara wanda har yau nake jin kunyarsa.

An tura mu wata ƙaramar hukuma mu auna ƙarfin arzikin mazaɓunta, don a san inda za a fara kai tallafin jari da gyaran hanya. Fom ɗin yana tambayar shaguna nawa, rumfunan kasuwa nawa, injin niƙa nawa, sannan sana'ar mutanen kowane gida. Garin su mahaifiyata yana cikin waɗanda muka zaga. Garin ba shi da kasuwa, saboda haka ya faɗo can ƙasa. Da nake duba takardun a ofis sai na ga gidan Innata, ƙanwar mahaifiyata, an rubuta "babu" a gurbin sana'arta. Yaron da ya cike fom ɗin a zaure ya tsaya, ya tambayi maigida, maigida ya ce ai mata suna cikin gida. Wannan Inna kuwa da kuɗin man gyaɗa da ƙuliƙuli ta biya mini kuɗin jarrabawar fita daga makarantarmu, a shekarar da mahaifina ya kwanta ciwo. Na gani, lokaci ya ƙure, na sa hannu. Wannan ne ya sa na koma karatu in ga yadda waɗanda suka riga mu suka yi wannan aiki, ko su ma a zaure suka tsaya.

Wanda ya fara barin mana lissafi mai yawa a rubuce shi ne Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851 cikin tafiyar da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyi. Ya iso da bashi a kansa, zazzaɓi kuma ya kama shi, amma duk da haka ya hau doki ya zaga birni, ya yi ta tambaya. Ya kimanta mazauna Kano 30,000, ya ce a lokacin cin kasuwa, daga Janairu zuwa Afrilu, sukan kai 60,000. A wancan zamani da wuri ake ciniki, kalmar kuɗi ma asalinta jam'in wuri ce. Barth ya ce tufafin da ake saƙawa a rina a Kano a fitar, har zuwa Tumbutu da Tarabulus, suna kawo aƙalla wuri miliyan 300 a shekara. Ya ƙara da cewa wuri 50,000 zuwa 60,000 ya ishi iyali guda su ci su sha su yi sutura shekara ɗaya. Masu ƙwaƙwalwar lissafi a cikinmu sai su raba: saƙa da rini kaɗai sun isa su riƙe gidaje 5,000. Goron da ake shigowa da shi ya sa masa wuri miliyan 80 zuwa 100. Ya ce karofin rini a birni sun haura 2,000, kowanne ana biya masa wuri 700, kowane magidanci kuma yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500.

Lissafi ne mai ban sha'awa, har yau masana tarihi da shi suke farawa. Amma a lura da abin da ya ƙirga: kayan da suka shiga ta ƙofar gari a kan jaki da raƙumi, da waɗanda suka fita, da abin da ya shiga hannun sarki. An aiko shi ne ya gano inda Ingila za ta sami ciniki, shi kuma abin da ya auna ke nan. Zaren da aka saƙa waɗannan tufafi da shi, mata ne suka kaɗa shi a ɗaka da mazari, kuma ba su sami gurbi na kansu a lissafin ba. Wani abin da ya fi wannan ɗaci, a jeri ɗaya da goro da kanwa ya sa bayi kamar 5,000 da ake fitarwa kowace shekara, da kuɗinsu a gefe. Duk wanda zai yi alfahari da miliyoyin Barth, to ya tuna har da 'yan Adam a cikin jimlar.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai awo ya sake manufa. Yanzu ba ciniki ake nema ba, haraji ake nema. Dokar 1906 ta nemi a haɗe kuɗaɗen da ake karɓa iri-iri a da su zama haraji guda, jangali kuma a kan shanu. Don a san abin da za a yanka wa kowace gunduma, sai Joji ya fita rangadi, ya ƙirga mutane da dabbobi da masu sana'a, ya kimanta amfanin gona, ya rubuta rahoto. Irin waɗannan rahotanni suna nan jibge a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, duk mai son sanin garinsu shekaru ɗari da suka wuce ya je ya duba, ba zai yi da-na-sani ba.

A ƙasar Kano an ƙara da wata dabara wajen 1909, wato taki. Ana koya wa malamai su taka tsawon gona da faɗinta da ƙafa, su fitar da girmanta, a yanka mata kuɗi gwargwadon haka. A takarda abin ya yi kyau, kowa zai biya daidai da gonarsa. Amma takun dogo da na gajere ba ɗaya ba ne, kuma dattawa suna ba da labarin yadda zakara ɗaya yakan tsawaita takun malamin taki har gona ta ƙanƙance, wanda bai ba da kome ba kuwa tasa ta kumbura. Ko da an taka daidai, eka guda a fadama da eka guda a kan fako ba arziki ɗaya ba ne. Haraji kuma da kuɗi ake biya, da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, saboda haka talaka yakan sayar da damin da zai ci da bazara. Mutanenmu ba wawaye ba ne, nan da nan suka gane cewa duk wanda ya zo da takarda da alƙalami yana tambayar shanu nawa, mutum nawa, to wani abu zai biyo baya. Sai Bafillace ya kora rabin garke daji kafin masu jangali su iso, magidanci ya rage yawan samarin gidansa. An soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna a 1979, zamanin Abubakar Rimi da Balarabe Musa, amma ba a soke wannan tsoro ba. Mu da muke yawo da fom yau, gadonsa muke ci.

Labarin gyaɗa ba sai na daɗe a kansa ba, malamanmu na tarihi sun sha koya mana. Abin da zan tuna mana kawai, da aka kawo jirgin ƙasa Kano a 1911, auduga Turawa suke jira don masaƙun Ingila. Manomi ya yi nasa lissafin, ya ga masaƙan gida sun fi biyan auduga da daraja, gyaɗa kuma in ba a saya ba a ci, sai ya shuka gyaɗa. A 1913 abin da aka fitar ya kai wajen tan 19,000, tasha ta cika ta batse. Masu takarda sun kuskure, wanda bai yi boko ba ya dace. Bayan haka shekara da shekaru ana auna arzikin Arewa da yawan dalar gyaɗa, alhali wadda ta tsaya a gida ta zama mai da ƙuliƙuli ba ta taɓa hawa dala ba.

Aikin da ya fi taɓa ni shi ne na Polly Hill, Baturiyar Ingila, wadda mahaifiyarta ƙanwar John Maynard Keynes ce, wannan da malaminmu na tattalin arziki ya sa muka haddace sunansa da bulala a hannu. Allah ya saka wa Malam da alheri, sai yanzu na ga amfaninta. A 1967 wannan mata ta zauna watanni a Batagarawa, kudu da birnin Katsina, ta fitar da littafinta Rural Hausa a 1972. A lokacin garin ba shi da kasuwa, kamar dai garin su Inna. Da fom ɗinmu aka ba ta, da ta rubuta babu ciniki ta hau mota. Ita kuwa mace ce, tana shiga har ɗaka, sai ta tarar kowane gida kanti ne. Wannan tana sayar da hatsi da mudu, waccan mai, wata fura, wata tuwo, yara suna kai-komo da talla suna kai labarin farashi daga gida zuwa gida. Kasuwa ce sosai, rumfa ce kawai babu.

Sannan ta zo kan tambayar da ta gagari Joji da malamin taki: wane ne mai hali, wane ne mara hali? Ba ta tambayi kowa nawa yake samu ba, ta san ba za a faɗa ba. Sai ta nemi wasu mutanen gari da suka san kowa, ta roƙe su su kasa magidanta bisa ma'auni guda, wato yadda gida yake tsayawa idan girbin gero ya makara. Daga cikin gidajen noma 171, aka sami 17 da ba su jin jiki har ma suna taimakon wasu da kyauta ko rance, 45 suna riƙe da kansu, 68 suna ɗan shan wuya, 41 kuma suna cikin matsi sosai. Wannan ma'auni ba daga Ingila ta zo da shi ba, a bakin mutanen gari ta same shi, kuma kowace tsohuwa a unguwarku ta san shi tun da daɗewa.

Abin da ya fito ya rushe zancen da ake yawan yi cewa mutanen ƙauye duk ɗaya ne a talauci. Mai hali yana da gona mai taki, yana da 'ya'ya a gandu, yana cika rumbu da kaka ya jira farashi ya tashi. Mara hali kuwa da damina, lokacin da gonarsa take bukatarsa, dole ya tafi ƙwadago gonar wani don abincin ranar, tasa ta cika da ciyawa. Ya ci falle, dami ɗaya a biya biyu da kaka, in abin ya ci tura ya jinginar da gonar. Ga shi da ƙasa amma talauci ya hana shi noma ta. Wanda ya ƙirga eka kawai ba zai ga wannan ba, wanda ya ƙirga shaguna balle. Ɗan ajinmu da yake sayar da hatsi a Dawanau ya ce mini shi da ya ga irin mutanen da suke kawo buhu a watan da aka yi girbi da waɗanda suke kawowa da bazara, ya san yadda ƙauyensu yake ciki. Na yarda da shi fiye da yadda na yarda da takardar da na sa wa hannu.

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙauye ne kawai. A watan Afrilu na 2014 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sabunta ma'auninta, wanda ya tsaya tun kan farashin 1990, ta shigar da harkar wayar salula da finafinai yadda ya kamata. Dare ɗaya arzikin Nijeriya na 2013 ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa biliyan 510, muka wuce Afirka ta Kudu a takarda. Ba wanda ya wayi gari da ƙarin kwabo a aljihu. Dukiyar tana nan tun da, mudun ne bai kai gare ta ba.

A ganina ba a bukatar wani dogon ilimi kafin a gyara fom irin namu. A tura mata su shiga gidaje, a tambayi rumbu watan da yake ƙarewa, a tambayi adashi nawa ake zubawa a unguwa, a tambayi matasa nawa suke tafiya cin rani da abin da suke aikowa, kuma a je sau biyu, da kaka da bazara, domin gari ɗaya ne amma fuska biyu gare shi. Na rubuta wannan shawara na miƙa wa na gaba da ni. Takardar tana kan tebur, ban ji kome ba tukuna. Hanyar kuwa an riga an kai ta wata mazaɓa mai rumfunan kwano, su Inna har yanzu a kan babur ake fitar musu da jarkokin mai, in ruwa ya sauka kuma sai a kai.

Da Sallar da ta wuce na je gaishe ta, na zauna kusa da murhu, na faɗa mata abin da aka rubuta a kanta da wanda ya sa hannu. Ta yi dariya har da tafawa, ta ce, "Babu sana'a? To kai da me aka yi maka karatun?" Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Yanzu don Allah gaya mini, tiya nawa kike sarrafawa a mako, in gyara takardar." Sai dariyar ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi biron da ke aljihun rigata, ta ce, "Ɗan nan, harajin za a dawo da shi ne?" Na rantse mata ba haka ba ne. Ta ce ta ji, ta ƙulla mini ƙuliƙuli a leda in kai wa yara, ta koma kan tuyarta. Har na baro garin ba ta faɗa mini ko tiya nawa ba ne.