Aure Na Wane Ne? Dokar Hana Auren Jinsi Tsakanin Addini da Hukuma

Ranar 7 ga Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana auren jinsi ɗaya, ba a kuma bayyana wa duniya ba sai bayan kusan mako guda. Da wuya a samu wata doka a tarihin Jamhuriya ta Huɗu da ta haɗa kan 'yan Nijeriya kamar wannan. Liman da fasto sun yi na'am, Kudu da Arewa sun yi na'am, jam'iyya mai mulki da ta adawa ba su ja da juna ba. Wani binciken ra'ayi da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2013 ya nuna kashi 98 cikin ɗari na 'yan Nijeriyar da aka tambaya ba su yarda al'umma ta karɓi luwaɗi ba. To amma dokar da kowa ya tafa mata ita ce dokar da ba kowa ke zama ya karanta ba. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, an cuɗa tambayoyi biyu da ya kamata a ware su. Ta farko: mene ne aure? Wannan addini ya riga ya amsa ta, kuma ba da amsarsa ake jayayya a nan ba. Ta biyu: wane iko muka miƙa wa ɗan sanda da sunan kare auren, kuma shin shari'ar da muke kāre wa ta yarda da irin wannan iko?

Sai an koma baya kafin a gane yadda ƙasashen Turai suka iso inda suke. Shekaru aru-aru aure a can yana hannun coci: ita ke ɗaurawa, ita ke riƙe da littafin rajista, kotunanta ke yanke hukunci idan an samu saɓani. A 1792, cikin guguwar juyin juya hali, Faransa ta ƙwace wannan aiki ta mayar da aure yarjejeniyar da ake ƙullawa a gaban jami'in gwamnati. Har yau a Faransa auren da aka ɗaura a coci ko a masallaci ba shi da wani matsayi a doka, kuma malamin addinin da ya mayar da ɗaura aure kafin na ofishin magajin gari al'adarsa yana iya fuskantar hukunci. Ingila ta buɗe ƙofar auren rajista a 1836, Jamus ta wajabta shi a 1875 zamanin Bismarck. Daga ranar da aure ya koma takardar hukuma, ma'anarsa ta koma hannun majalisa da alƙalai, kuma abin da majalisa ta rubuta majalisa na iya gogewa. Holan ce ta fara a 2001, Beljiyam ta bi a 2003, Sifen da Kanada a 2005, Faransa a 2013. A Amurka kotun ƙoli ce ta yanke a watan Yunin 2015, a shari'ar Obergefell, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu.

Ko a can ɗin ba a tilasta wa majami'u ba. Dokar Ingila da Wales ta 2013 ta fito fili ta ce Cocin Ingila ba za ta ɗaura irin wannan aure ba, sauran addinai kuma sai wanda ya ga dama. Rikicin ya faɗa ne a kan ma'aikacin gwamnati mai addini, wanda aikinsa ke cewa sa hannu, imaninsa ke cewa kada ka sa. Kim Davis, magatakardar wata gunduma a jihar Kentucky, ta kwana biyar a gidan yari a 2015 saboda ta ƙi ba da takardar aure. A Afirka ta Kudu dokar 2006 ta ba jami'an ɗaurin aure na gwamnati damar janye hannu saboda imaninsu, sai aka soke wannan dama a 2020.

Afirka ta Kudun ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin ita ce ta fi nuna abin da ke faruwa idan hukuma ta zama ita kaɗai ke cewa wannan aure ne, wancan ba aure ba. A Disambar 2005 kotun tsarin mulkin ƙasar, ta bakin Mai Shari'a Albie Sachs a shari'ar Fourie, ta ba majalisa shekara guda ta gyara doka, majalisa kuwa ta gyara a Nuwambar 2006. Amma a wannan ƙasa ɗin, auren Musulmi da aka ɗaura bisa sunna, da waliyyi da sadaki da shaidu, ya ci gaba da zama ba shi da cikakken matsayi a doka har sai da kotun ta sake yanke hukunci a Yunin 2022. Shekara goma sha biyar da ɗoriya, namiji da namiji suna da takardar da Musulma mai 'ya'ya ba ta da ita sai in ta je ta yi auren rajista daban. Wanda ke tsoron abin da ya faru a can yana da hujja. Sai dai ya kamata ya lura da tushen abin: hukuma ce ta mallaki aure ita kaɗai.

Nijeriya ba haka take ba, kuma ba ta taɓa zama haka ba. Aure iri uku doka ta sani: na rajista a ƙarƙashin dokar aure ta 1914, na gargajiya, da na Musulunci. Kundin tsarin mulkin 1999, a jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya ba ta ikon ƙulla aure da warware shi, amma ya cire auren Musulunci da na gargajiya daga ciki. Sashe na 277 kuma ya miƙa al'amuran aure da saki da gadon Musulmi ga kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a. Mafi yawan auren da ake ɗaurawa a ƙasar Hausa ba ya bi ta kowane ofishi. A ƙofar gida ko a masallaci ake haɗuwa, wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, maroƙi ya sanar. Babu wata majalisa a Abuja da za ta iya ƙara sharaɗi ko ta rage a cikin wannan. Shi ma auren rajistar, kotunanmu sun gaji ma'anarsa ne daga hukuncin Hyde na Ingila na 1866, wanda ya taƙaita shi ga namiji ɗaya da mace ɗaya.

Ta ɓangaren hukunci ma ba a bar giɓi ba. Kundin laifuffuka na Kudu, a sashe na 214, ya tanadi ɗaurin shekara 14. Finalkod ɗin Arewa, a sashe na 284, shi ma shekara 14. Daga 2000, bayan Zamfara ta buɗe hanya a ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura, jihohi goma sha biyu sun ɗauki shari'a, kuma kundayen hukuncinsu sun tanadi abin da ya fi haka tsanani. Wato ranar da Jonathan ya sa hannu, auren jinsi bai halatta a ko'ina a ƙasar ba, aikin kansa kuma laifi ne tun zamanin Turawa. To me dokar ta ƙaro?

Sassa uku na farko ba su zo da sabon abu ba, sai dai rufe ƙofa da suka yi ga takardar auren da aka yo a ƙasar waje. Sabon abin yana sashe na 4 da na 5. Ban da shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, akwai shekara 10 ga wanda ya yi rajista ko ya gudanar ko ya shiga ƙungiyar irin waɗannan mutane, shekara 10 ga wanda ya nuna soyayyar jinsi a bainar jama'a, kai tsaye ko a kaikaice, da shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka ko ya goya baya. Dokar ba ta fayyace mene ne nunawa a kaikaice ba. A ƙasar da samari ke tafiya riƙe da hannun juna ba tare da kowa ya kawo komai a ransa ba, inda ɗalibai da 'yan ci-rani da leburori ke kwana shida a ɗaki ɗaya saboda tsadar haya, wa zai tantance? Ɗan sandan da ke bakin titi ne, ko maƙwabcin da kuka yi faɗa a kan iyakar gida.

A nan ne nake ganin masu cewa dokar ta yi daidai da shari'ar Musulunci ba su yi wa shari'ar adalci ba. Gaskiya ne mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, ta tsananta hukuncin luwaɗi, har ta wuce Imam Abu Hanifa da ya bar shi a matsayin ta'aziri. Amma wannan fiƙihun da ya tsananta hukunci, shi ne ya ƙuntata hanyar kaiwa gare shi har ta kusa toshewa. Sai adalai huɗu sun ga aikin da idanunsu, ko mutum ya yi iƙirari da bakinsa ba tare da tilas ba, kuma yana da damar janyewa. Idan shaidu ba su cika huɗu ba, su za a yi wa bulala tamanin na ƙazafi, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nur ta tanada a kan masu jifan kamammu. Ƙa'ida ce sananniya cewa shubuha tana kawar da haddi. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana zato da bin diddigin asirin mutane, kuma malaman da suka yi rubutu a kan hisba, irin su Mawardi da Gazali, sun nuna cewa aikin mai hisba a kan ɓarnar da ta bayyana ne, ba shi da izinin haura katanga ya nemo wadda aka ɓoye. Tsananin hukunci da tsananin hujja tagwaye ne a wannan tsari. Wanda ya ɗauki na farko ya yar da na biyu, ba shari'a ya ɗauka ba.

Abin da ya biyo bayan dokar ya nuna wane ɗayan aka ɗauka. A Janairun 2014 a Bauchi, taron jama'a ya yi ta jifan kotun shari'a da duwatsu ana tsakiyar sauraron ƙarar wasu da ake zargi, yana neman a yanke hukunci nan take, har sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. Alƙali yana neman shaidu, taro yana neman jini. A Agustan 2018 'yan sanda sun kama maza 57 a wani otal a Egbeda ta Legas, suka jera su gaban kyamarar 'yan jarida, aka gurfanar da 47. A Oktoban 2020 kotu ta kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa kawo shaidunsu. Shekara biyu, fuskokinsu sun zagaya ƙasa, wasu sun rasa aiki da muhalli, ba a tabbatar da komai a kan ko mutum ɗaya ba. A ma'aunin fiƙihu, wanda ya tsaya gaban jama'a ya jefi mutum 57 bai kawo shaida ba, sunan abin da ya yi ƙazafi. Kamen da aka yi a jihohin Delta da Gombe a 2023 ma da taron 'yan jarida aka fara. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani a talabijin: wani bincike da aka yi a Abuja, wanda mujallar Lancet HIV ta buga a 2015, ya gano tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a cikin mazan da abin ya shafa bayan sa hannu a dokar. Wasu daga irin waɗannan maza suna da mata a gida, cutar da ba a kai asibiti ba kuwa ba ta tsayawa a jikin mutum ɗaya.

Masu kare dokar suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Suna cewa matsin lamba daga waje ne ya sa dole a ja layi. Akwai gaskiya a ciki. A Oktoban 2011 Firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta luwaɗi, wata guda bayan nan majalisar dattawa ƙarƙashin David Mark ta amince da ƙudurin da ya daɗe yana jan ƙafa tun 2006, zamanin Obasanjo. Barazanar ta mayar da maganar fiƙihu da doka ta zama maganar 'yancin kai, ta kuma rufe bakin duk wanda zai ce a duba sashe kaza, don kada a kira shi ɗan koren Turawa. Abin dariya a nan, sashe na 214 na kundin laifuffuka da ake karewa da sunan gadon kakanni Turawan ne suka rubuta shi. Suna kuma cewa sashe na 45 na tsarin mulki ya yarda a taƙaita 'yancin sirri da na taro domin kare tarbiyyar jama'a. Haka ne, amma sashen ya sa sharaɗin cewa dokar ta zama mai hujjar da hankali zai karɓa a ƙasar dimokuraɗiyya, kuma laifin da ba a san iyakarsa ba yana da wuya ya cika wannan sharaɗi.

Addinai kuwa sun nuna suna iya tsare iyakarsu ba da sandan hukuma ba. Cocin Angilika ta Nijeriya, tun zamanin shugabanta Peter Akinola, ta ja daga da takwarorinta na Amurka bayan naɗa Gene Robinson, wanda ɗan luwaɗi ne a bayyane, bishop a 2003, ta kuma shiga gaba wajen taron 'yan Angilika masu adawa da hakan da aka yi a Birnin Ƙudus a 2008. Da fadar Fafaroma ta fitar da takardar da ta ba da damar sa wa irin waɗannan ma'aurata albarka a Disambar 2023, bishop-bishop na Afirka sun ce ba za su yi ba, aka kuma ƙyale su. Babu limamin da ke jiran sashe na 2 na wata doka kafin ya ƙi ɗaura abin da littattafan fiƙihu irin su Risala da Askari ba su san shi ba.

Hukuncina shi ne, sassa uku na farko na dokar sun wadatar ga duk wanda damuwarsa aure ce. Sashe na 4 da ƙananan sassa na 2 da na 3 na sashe na 5 ba aure suke karewa ba, zato suke halattawa, kuma malamanmu na fiƙihu su ne suka fi cancanta su fara faɗin haka, domin su suka fi kowa sanin hukuncin wanda ya yi zargi bai kawo shaidu huɗu ba. Majalisar tarayya ta sake duba waɗannan sassa, rundunar 'yan sanda da hukumomin Hisba kuma su daina jera waɗanda ake zargi gaban kyamara kafin alƙali ya saurare su.