Daga Rumfar Mai Gyaran Keke Zuwa Ƙafafun Lamborghini

Mahaifina mai gyaran keke ne, kuma aikin da ba ya son a yi masa magana a tsakiyarsa shi ne ɗaurin wili. Zai kifa keken, sirdi a ƙasa, ya juya wilin da yatsa ɗaya, ya kara alli a gefe yana duban inda ƙarfen ke goga. Sai ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da ɗan makullinsa, nan ya ƙara rabin juyi, can ya sassauta kaɗan. In ya gama, ya kaɗa su da farce kamar mai gwada tsirkiyar garaya, wadda ta yi wani sauti daban ita ce mai laifi. Na taso ina ɗaukar wannan aikin neman abin cefane ne kawai. Sai da na girma na shiga bin tarihin motocin alfarma na gudu, su Ferrari da Lamborghini, na tarar ƙafafunsu daga hannun masu keke suka fito.

Tsofaffinmu sun san keken Rudge, ɗan'uwan Rali. To, kamfanin Rudge-Whitworth na garin Coventry a Ingila, tun kafin yaƙin duniya na farko, shi ya yi suna da wilin mota na waya wanda noti ɗaya tak ke riƙe shi a tsakiya. Notin yana da kunnuwa, da guduma ake buga su, ya kwance cikin daƙiƙoƙi, abin da direban tsere ke nema ke nan in taya ta fashe. A 1922 wani mutumin Italiya, Carlo Borrani, ya karɓi lasisin wannan fasaha ya buɗe masana'anta a Milan, daga baya ya riƙa haɗa wayoyin ƙarfe da da'irar alminiyam. Har zuwa shekarun 1960 Ferrari a kan wilin Borrani take tafiya, galibi mai waya 72, kowace waya mutum ne ya ɗaure ta da hannu. A cikin kayan aikin da ake ba mai motar har da guduma mai kan dalma ko tagulla, don kada ta lotsa kunnuwan notin. Zaren notin gefe ɗaya kuma a juye yake, yadda tafiyar motar za ta riƙa ƙara ɗaure shi. Ran da na karanta wannan dariya na yi, domin fedar hagu ta keke ma haka take, kuma na sha ranƙwashi kafin na haddace.

Abin lura a nan, Enzo Ferrari bai ƙera wili ba, saye yake yi. Haka Lamborghini, haka Porsche. Shi ya sa idan na ji masu ra'ayin riƙau na cewa haramun ne a cire wa irin wannan mota wilinta “na asali” a sa na wani kamfani, sai in ce su yi a hankali. Na asalin ma daga wata rumfar aka kawo shi.

Ettore Bugatti ne ya yi wa zamaninsa nisa. A tseren Lyon na 1924 ya fito da Type 35 a kan wilin alminiyam na zubi mai faffaɗan hannaye takwas, da gangar birki a jikinsa. Tayoyi suka ba shi kunya a ranar, sauran masu ƙera motocin gudu kuma suka ci gaba da wayarsu kusan shekara arba'in.

Me ya sa ake wannan wahala a kan nauyin wili? Ɗan dako zai ɗauki buhu a kai ya yi tafiyarsa, amma ɗaura masa dutse mai kilo biyu a idon sawu ka ga yadda zai koma. Jikin mota a kan sifirin yake zaune, shi kuwa wili a ƙasa yake, duk wani tudu da rami shi ke hawa ya sauka. In ya yi nauyi, taya ba ta saurin komawa ta kama kwalta. Ga shi kuma juyawa yake, injin sai ya sha wahalar tayar da shi, birki ya sha wahalar tsayar da shi.

Da injuna suka ƙara ƙarfi, tayoyi suka ƙara faɗi, waya ta gaza: tana lanƙwasa a kwana, iska kuma na sulalewa ta ramukanta in babu tib. A Kaliforniya, bayan yaƙin duniya na biyu, Ted Halibrand ya fara zuba wili da maganiziyam, ƙarfen da ya fi alminiyam rashin nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Motocin tseren Indianapolis suka rungume shi, daga baya Shelby Cobra ta hau shi. Sai dai ƙarfe ne mai halin tsiya. Danshi na cin sa, yana tsagewa in ya tsufa, in kuwa ya kama da wuta, zuba masa ruwa ƙara masa fushi ne.

A Italiya, wanda ya ƙware a zubinsa wani mai keken ne kuma. Tullio Campagnolo ɗan tseren keke ne daga Vicenza. Labarin da kamfaninsa ke bayarwa shi ne, a wani tsere na 1927 a kan dutsen Croce d'Aune, sanyi ya ƙandare masa yatsu ya kasa kwance notin wilinsa, haushin haka ya sa ya ƙirƙiro ɗan hannun nan da ake ɗagawa wilin keke ya fita. Kamfanin nan nasa ne ya zuba wilin Lamborghini Miura ta 1966. Ferrari kuma ta koma wa wilin kamfanin Cromodora, mai siffar tauraro da hannaye biyar, a kan Daytona ta 1968. Jamusawa suka bi wata hanyar. Wilin Fuchs na Porsche 911 S, wanda ya fito a 1966, ba zubi ba ne, ƙira ce: ana danne curin alminiyam mai zafi da injin matsi har ya ɗauki siffa. Duk maƙerin da ke Arewa ya san bambancin. Abin zubi yana iya ɓoye kumfar iska a cikinsa, in ya ji duka ya fashe. Abin da aka ƙera kuwa naman ƙarfen ya haɗu, lanƙwasa yake yi kafin ya karye.

Labarin da na fi so a wannan sana'a na Walter Wolf ne, attajirin Kanada da ya yi kuɗi a harkar kayan haƙar mai, wanda daga baya ya kafa ƙungiyar tseren Formula 1 da sunansa. Lamborghini Countach ta farko, LP400, ta shiga kasuwa a 1974, mota kamar an sassaƙa ta da gatari, da injin silinda 12 mai ƙarfin doki wajen 375. Amma ƙafafunta sirara ne, faɗin tayar baya milimita 215 kacal a kan wili inci 14. Wolf ya saya, ya tuƙa, bai gamsu ba. Mai kuɗi ne, yana iya sa a ɗaura masa manyan wili a ranar a wuce wurin. Sai ya nemo Gian Paolo Dallara, injiniyan da ya jagoranci aikin Miura, aka samo sabuwar tayar Pirelli P7 mai faɗi da gajeren gefe. Nan aiki ya tashi. Tsohuwar taya mai tsayin gefe tana yafe wa mota in wili ya ɗan karkata a kwana, ita kuwa faffaɗar sai ta zauna daram a kan kwalta, in ba haka ba gefe ɗaya kawai ke aiki. Dole aka sake tsarin ƙarafan da ke riƙe da wilin, aka ƙara wa jikin motar kumatu don su rufe tayoyin da suka leƙo waje, aka kafa fiffike a baya. A 1978 kamfanin ya kwashi wannan gyara kusan gaba ɗaya ya fitar da LP400 S, da tayar baya milimita 345 da wili mai ramuka biyar kamar na tsohuwar wayar tarho da ake juyawa da yatsa. Wato Countach ɗin da samarin duniya suka manna hotonta a bango, gyaran mai saye ce.

Waɗanda suka mai da canjin wili kasuwa sosai su ne BBS, da Heinrich Baumgartner da Klaus Brand suka kafa a 1970 a ƙauyen Schiltach na Jamus. Dabararsu wili mai gida uku: tsakiya daban, da'irar ciki daban, ta waje daban, a haɗa da ƙananan notuna a kewaye. Kana son ƙarin faɗi, ka canza da'ira ɗaya. Samfurinsu RS na 1983, mai saƙa kamar raga, ya bazu ko'ina, masu gyara irin su Willy König na Munich kuma suka riƙa buɗe wa Ferrari ƙugu suna cusa mata wili masu zurfi. Wasu sun yi kyau. Wasu kuwa, Allah na tuba, kamar an sa wa barewa takalmin raƙumi.

Yau ana yanko wili daga curin ƙarfe ɗaya da injin da kwamfuta ke sarrafawa, inci 20, 21, har fiye, wasu ma da zaren kabon ake yi. Amma awon da ya ba Dallara aiki yana nan. Ramukan notin Porsche 911 biyar ne a kan da'irar milimita 130, na Lamborghini Huracán a kan 112. Akwai lambar ET, mai nuna yadda wili zai shige ciki ko ya leƙo waje, kuskuren milimita kaɗan ya isa ya goga birki ko jikin mota. In motar mai ja da ƙafa huɗu ce, kewayen tayar gaba da ta baya dole su tsaya a kan gwargwadon da kamfani ya tsara, in ba haka ba giya ce za ta biya. Noti ɗaya na tsakiya ma ya dawo a kan irin su 911 GT3, sai dai guduma ta yi ritaya, yanzu dogon makulli mai awo ake sa masa har ƙarfin ɗauri ya kai 600 a ma'aunin Nm.

Ni dai ban taɓa mallakar ko madubin irin waɗannan motoci ba. Tsohuwar Golf gare ni, kuma na taɓa saya mata wili huɗu masu ƙyalli a wajen wani dillali, na zubi, kwaikwayon saƙar BBS, ban tambayi lamba ko ɗaya ba. Wata na biyu, bayan ruwan sama, na faɗa wani rami da dare, na gaban dama ya tsage tun daga baki har hannu. Mai faci ya juya shi a hasken tocila, ya nuna mini ƙananan ramuka a cikin karayar kamar cikin burodi. “Alhaji, wannan ba ya ɗaukar walda,” in ji shi, “sai dai masu tukunya.” Washegari ɗan gwangwan ya ɗora shi a sikeli ya biya ni kuɗin kilo, ya jefa shi a baro tare da tsofaffin fistin, ya nufi wajen masu zubin tukwane.