Ƙirgar Wuri Dubu Ɗari Biyar

Garin Malanbil yana bakin kogin Kwara a arewacin ƙasar Benin, yana fuskantar Gaya ta Jamhuriyar Nijar. Baƙon da ya shiga kasuwarsa da Hausar Kano kawai yakan rikice wajen ciniki. Idan mai albasa ya ce masa "dala ashirin", sefa 100 yake nufi, domin dala ɗaya sefa biyar ce. Jika guda kuma dala 200 ce, wato sefa 1,000. Kuɗin sefa sun fito ne a 1945, amma ƙirga da biyar-biyar ta girme su nesa ba kusa ba.

A ƙarni na 19 wuri shi ne kuɗin ƙasar Hausa, kuma asalinsa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kawo shi. Darajarsa kaɗan ce ƙwarai. A 1851, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano, wuri 2,500 ne ake ba da wa a kan dalar azurfa ɗaya. Saboda haka ko ƙaramin falke sai ya iya sarrafa lambobi masu yawan gaske.

A Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yau, Barth ya ga yadda aka zauna aka ƙirga wuri 500,000 da hannu. Ba a shanya wurin a zare, a warwatse yake. Mai ƙirga yakan ja biyar-biyar da yatsunsa. Biyar sau huɗu ita ce hauya, wato 20. Hauya goma tsibi ne na 200, tsibi biyar kuma dubu. Dubu ashirin ake ɗurawa a cikin jakar kaba guda.

Wannan tsari ba da ka aka yi shi ba. Lambar 20,000 ba ta ƙunshi komai ba sai biyu da biyar: biyu sau biyar a jere (32), a ninka da biyar sau huɗu a jere (625). Lambobi 30 ne suke raba ta ba saura, ciki har da 5 da 20 da 200 da 2,500, don haka jaka ɗaya dala takwas ce cif. Wuri 500,000 ɗin nan na Tasawa jaka 25 ne, ko dala 200. Inda gizo yake saƙa shi ne uku. Abokan ciniki uku ba za su raba jaka daidai ba, kowa zai ɗauki 6,666, wuri biyu su yi saura.

Barth ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take samarwa tana sayarwa a waje a shekara sun kai wuri 300,000,000, wato jaka 15,000. Lissafin bai gagari attajirai ba. Suna da kalmar "zambar" ta ninka dubbai: zambar goma 10,000 ke nan, zambar dubu kuwa miliyan. A Malanbil ta yau, ɗan kasuwar da ya sayar da hatsin sefa miliyan ɗaya yana iya cewa ya karɓi jika dubu.